Kajin Kawu Na-Sani

Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. Wannan da zan ba ku babu kura a cikinta, babu zaki. A cikin waya ta faru, amma kwatar da aka yashe a ƙarshenta ta gaske ce, har da warinta.

A wata unguwa akwai layi biyu, Layin Gaba da Layin Baya, kwata ɗaya ce ta raba su. Kwatar nan ta daɗe da toshewa, kowane layi yana cewa ɗayan ne ke zuba mata shara. Ana nan sai wani wasa ya shigo wayoyin mutane, irin wanda ake gina ƙauye a cikinsa. Kowa yana da ɗan mutuminsa da yake tuƙawa da yatsa, ya sare itace, ya kafa gida, ya yi noma, ya yi kiwo. Mutanen Layin Gaba suka haɗu suka gina ƙauye guda, na Layin Baya suka gina nasu a tsallaken kogi, da gada a tsakani, da ƙyaure a bakin gadar. Tun da maƙwabta ba sa zama babu gasa, sai aka ƙulla alkawari. Ranar girbi za a haska ƙauyukan biyu a babban talabijin ɗin shagon Mai Aski, layin da hatsinsa ya gaza shi zai yashe kwata.

Makullin rumbun iri na Layin Gaba yana hannun Gwaggo Tela. Ita ke fitar da iri a shuka, in an girbe ta ware na shuka ta mayar. Sai ga 'yarta ta haihu a wani gari mai nisa inda waya ba ta kamawa sosai. Da safe ta shigo shagon Mai Aski da jakarta a kafaɗa.

"Wa zai riƙe mini makullin rumbu kafin in dawo?"

Mai Aski ya ce hannunsa ba ya rabuwa da kan mutane. Mai Wanki ya ce nasa kullum a jiƙe yake. Kafin a sake numfashi, wata murya ta fito daga bayan benci.

"Ana neman manomi, ga manomi a zaune?"

Kawu Na-Sani ke nan, mai gyaran agogo a shagon da ke jikin na Mai Aski. Tun da wayoyi suka fara faɗa wa mutane lokaci aikin hannunsa ya ragu, sai na bakinsa ya ƙaru. Ba a taɓa fara masa magana an kai ƙarshenta ba, sai ya tare da "Na sani," shi ya sa sunan ya bi shi. A faɗarsa, gonar kakansa in mace ta shige ta da goyo, kafin ta kai ɗaya bakin yaron ya fara tafiya. A faɗar matarsa kuwa, abu ɗaya ya taɓa shukawa a duniya, wani fure a gwangwani, shi ma da ruwan zafi ya shayar da shi don kada sanyi ya kama shi.

Gwaggo ta dube shi, ta dubi sauran, kowa ya sunkuyar da kai. Mota kuma tana jiranta.

"To, Kawu, ka saurara. Irin da ke cikin rumbu na shuka ne, kada ka..."

"Na sani."

"Kuma kajin da ke cikin shinge, in ka ba kaza ƙwaya ɗaya, nan take..."

"Na sani, Gwaggo."

"Duk wanda ya riƙe iri a hannu kuma..."

"Haba Gwaggo! Ni za a koya wa kaza? A gaishe da mai jego."

Ta danna masa makulli ya koma wayarsa, ta fita tana waiwaye.

Motarta ba ta gama shan kwana ba Kawu ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Jama'a, gaskiya ɗaya ce, Gwaggo mutuniyar kirki ce, amma noman ɗinki take yi. Kun taɓa ganin gona babu taki? Sirrin kakana ke nan, kashin kaji. Zan tara kaji, kaji su tara taki, taki ya ninka hatsi. Ranar girbi sai mun ari rumbun Layin Baya mun zuba ragowa."

Mai Aski ya tsayar da almakashi. "Kawu, ni dai tun da na fara wasan nan ban taɓa ganin kaza ta yi kashi ba."

"Ka taɓa tsayawa ka duba?"

"A'a."

"To ka ji."

Kawu ya buɗe rumbu, ɗan mutuminsa ya ɗebo iri ya nufi shinge. Ya miƙa wa wata kaza ƙwaya ɗaya, ta haɗiye, sai ga ɗan tsako tsulum a gefenta. Haka wasan yake, abin da Gwaggo ta so faɗa masa ke nan. Kafin Kawu ya kurɓi ruwa tsakon ya zama kaza, ya miƙo baki. Kawu ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Kun ga albarkar hannu? Kakana sak!"

Ya yi ta miƙawa, tsaki suna ta fitowa, har shinge ya cika maƙil. Sannan ya zagaya da ɗan mutuminsa bayan kajin, ya tsugunar da shi, ya zuba ido yana jiran taki. Rana ta take, babu taki. Wani ya kawo agogo gyara, Kawu ya ce ya dawo jibi, yana kan muhimmin aiki.

Matarsa ta kawo masa abincin rana, ta leƙa wayar ta kafaɗarsa.

"Maigida, me kake nema a bayan kaza?"

"Ke, wannan harkar manoma ce."

"To manomi, ga abincinka. Kada ka jira shi ma ya haihu."

Da yamma ta yi Kawu ya gano matsalar. "Cikinsu bai cika ba. Kazar da ba ta ƙoshi ba, me za ta fitar?" Ya koma rumbu ya ƙara ɗebowa. Washegari ya gano wata. "Kunya suke ji. Wa zai iya a cikin wannan cunkoso, kowa na kallon kowa?" Sai ya cire shingen gaba ɗaya, ya ce su shiga gona su yi a can kai tsaye, an huta da dako.

Kajin wasan nan kuwa, duk shukar da suka taka sai ta koma ƙasa. Suka malala cikin gona kamar an ɓare buhun auduga, hatsin da ya fara fitar da kai ya bi ƙasa layi bayan layi.

Mai Wanki ya faɗo shagon da kumfa har gwiwar hannu. "Kawu! Gonar! Suna tattake gonar!"

"Huɗa suke yi. Kai wanki ka sani."

Ana cikin haka sai Kawu ya lura da wani abu. Duk inda ɗan mutuminsa ya sa ƙafa, kajin suna biye da shi. Ya yi gabas, suka yi gabas. Ya shiga gidan Mai Wanki na cikin wasa don ya ɓuya, suka cika ɗakin har saman gado. Ya hau benen Mai Aski, suka hau, waɗanda ba su samu matakala ba suka hau kan 'yan uwansu.

"Iri ne a hannunka!" in ji Mai Aski. "Mai da shi aljihu, za su rabu da kai!"

"Na sani. Ba iri suke bi ba, ni suke bi. Dabba ta san mai ƙaunarta."

Matarsa, da ta zo ɗaukar kwano, ta ce, "Ku daina wahalar da bakinku. Bai san inda ake dannawa a sa abu aljihu ba. Jiya har a gida yana ta latse-latse, ya kira ƙanwata sau ba adadi."

"Ke! Gaisuwa na kira mu yi."

"Shi ya sa da ta ɗauka ka ce mata kur-kur-kur?"

Mai Aski ya miƙa hannu zai nuna masa wurin, Kawu ya ɓoye wayar a hammata. Ya ce makulli amana ne, ba ya barin kowa ya taɓa.

Kaji suka yi yawan da wayoyin layin suka fara nishi. In ka danna ɗan mutuminka ya yi taku ɗaya, sai ka je ka yi wanka ka dawo kafin ya sauke ƙafa. Batir ya riƙa ƙarewa kamar ana zuƙe shi. Mai Wanki ya rantse wayarsa ta yi zafin da ya goge wuyan riga da ita, har karin ya fito. Mutane suka taru a ƙofar shagon agogo.

"Kawu, ka rage kajin nan!"

"Dama yau na shirya ragewa. Manomi ba ya yanka da hannunsa, ma'aikata yake sawa."

Ya tuƙa ɗan mutuminsa zuwa katangar ƙauye, ya buɗe ƙofar da ke kallon daji, wadda Gwaggo ba ta taɓa buɗewa ba. Diloli suka shigo a jere. Suka dubi kaji, suka ratsa ta tsakiyarsu ko ɗaya ba su shinshina ba, suka zarce garken tumakin Mai Wanki, waɗanda ya yi wata da watanni yana kiwo, kowacce da sunanta.

"Wayyo Fara! Wayyo Mai Ƙaho!" Mai Wanki ya ɗora hannu a ka, kumfa na gangaro masa a fuska. "Kawu, ka kashe ni!"

"Ka kwantar da hankalinka. Buɗa-baki suke yi, yanzu za su dawo kan kaji."

Ba su dawo ba. Da suka gama da tumaki sai suka kwanta a inuwar rumbu suna hamma, kaji na hawa bayansu.

"Dila wuta yake tsoro," in ji Kawu. "Wannan ko yaro ya sani." Ya kunna wuta a gindin wata bishiya. Diloli suka matsa kaɗan suka ci gaba da barci. Wutar kuwa ta kama bishiyar, ta tsallaka ta kama benen Mai Aski, wanda ya ƙawata da baranda da tagogi masu launi.

Mai Aski yana tsakiyar yi wa wani dattijo aski ya hango a talabijin. "Benena!" Hannunsa ya zame, ya buɗe wa dattijon hanya tun daga goshi har ƙeya.

"Kai ɗan nan, na ce ka rage, ban ce ka yi titi ba!"

"Baba, yi haƙuri, gidana ne ke ci da wuta!"

Dattijon ya zabura da zanen aski a wuya ya fita titi yana kururuwa a kawo ruwa. Mata suka fito da bokitai. Sai da aka sha wahala kafin a fahimtar da su cewa gobarar a cikin waya take, kuma kafin nan an riga an sheƙa wa Mai Wanki bokiti guda, don shi aka gani da hannu a ka.

"Ruwa!" in ji Kawu. "Baba ya yi gaskiya." Ya ruga da ɗan mutuminsa ya fasa madatsar ruwan da ke bayan gona. Ruwa ya kwararo ya kashe wutar bayan ta gama cin abin da za ta ci, ya wuce ya share ragowar shukar. Mutane suka zuba ido ko ambaliyar za ta tafi da kajin. Ashe kajin wasan nan sun iya iyo. Suka taso saman ruwa farare tas, suna bin Kawu a hankali kamar jiragen ruwa.

Kawu ya goge gumi. "To, an yi ban ruwa. Saura taki."

Ranar girbi shagon Mai Aski ya cika har waje, wasu a taga, wasu a kan benci. Mutanen Layin Baya suka zo da shugabansu Direba, ƙato mai dariya kamar tashin babbar mota, ya taho da sabon shebur ya jingina a bakin ƙofa, ya ce kyauta ce ga waɗanda za su buƙata. Ana shirin farawa sai ga Gwaggo Tela ta sauka daga mota, ko gida ba ta biya ba.

Aka haska ƙauyen Layin Baya. Hatsi ya nuna jawur, yana tsaye har bakin gada.

"Ba mu girbe ko zangarniya ɗaya ba," in ji Direba. "Mun bar shi a tsaye don mu girbe a gabanku, ku koyi aiki."

Aka haska na Layin Gaba. Da farko an ɗauka talabijin ɗin ne ya lalace, don babu abin da ake gani sai fari yana motsi. Can sai aka hango hular ɗan mutumin Kawu a tsakiya.

Gwaggo ta ajiye jakarta a hankali. "Kawu, ina gonar?"

"Tana ƙasa, tana hutawa."

"Tumaki fa?"

Mai Wanki ya fashe da kuka.

"Buɗe mini rumbu."

Ya buɗe. Babu komai a ciki sai wani dila da ya miƙe ƙafa.

"Ina irin da na bar maka?"

"Yana nan, Gwaggo, ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Ya dai canza kama ne. Ga shi nan yana yawo."

Gwaggo ta matsa kusa da talabijin ta ƙura ido. "Mene ne wancan a hannunka?"

Ƙwayar iri ce guda ɗaya, ita kaɗai ta rage a duk ƙauyen. In aka shuka ta, ko ba a ci gasa ba, ƙauye zai sake tashi.

"Kawu," Gwaggo ta sassauta murya kamar mai lallashin yaron da ya ɗauki wuƙa, "kada ka motsa. Ka ga tudun can da ruwa bai kai ba? Je ka shuka ta. Madannin da ke hagu."

"Na sani."

"Na hagu, Kawu!" in ji dukan Layin Gaba baki ɗaya.

"Na ce na sani! Ni da nake gyara agogo, ni za a nuna wa hagu?"

Ya danna na dama. Wata kaza ta miƙo wuya ta haɗiye, sai ga ɗan tsako tsulum.

Dariyar Direba ta girgiza madubin shagon. Mutanensa suka riƙa dukan benci. Sai da ya share hawaye sannan ya ɗaga hannu.

"Jama'a, mu ba mugaye ba ne. Ga buhun iri guda, shi kaɗai ke cikin rumbunmu, mun ba ku ku sake farawa. Amma da sharaɗi ɗaya. Kawu ne zai ci gaba da riƙe muku makulli, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa."

Kawu ya miƙe ya gyara hula. "Kun ji ko? Na gida ba su san darajar mutum ba, sai na waje."

Gwaggo ta buɗe baki za ta ce ba sa so, amma Direba ya riga ya buɗe ƙyauren gada. Ɗan mutuminsa ya tsallako da buhu yana rangaji, ya danƙa wa na Kawu a hannu. Duk kajin ƙauyen suka juyo da kai lokaci guda.

"Na gode, ɗan albarka," in ji Kawu. "Amma ba a yi wa mutum irin wannan alheri ya bar baƙonsa ya koma shi kaɗai. Mu je in taka maka."

Dariyar Direba ta tsaya cak. "A'a, Kawu, ka huta, na san hanya."

"Na sani. Ko bakin gada ne."

"Wallahi na yafe!"

Direba ya juya ɗan mutuminsa ya zura da gudu. Kawu ya bi shi da buhu a hannu yana cewa ya tsaya su yi sallama. Kaji suka bi Kawu. Gada ta cika, waɗanda ba su samu wuri ba suka faɗa kogi suka yi iyo.

"Ku rufe ƙyaure! Ku rufe ƙyaure!" Mutanen Layin Baya suka hau latsa wayoyinsu, amma wayoyin sun riga sun fara nishi, ƙyauren yana rufuwa kamar mai ciwon baya. Direba ya rasa inda zai ɓuya, ya faɗa tsakiyar gonarsu. Kawu ya bi shi har can. Hatsin nan jawur ya riƙa kwanciya layi bayan layi.

"Jefar da buhun!" Direba ya kama kafaɗar Kawu ta gaske yana jijjigawa. "Jefar!"

Wannan karon Kawu ya ji magana. Ya watsa irin gaba ɗaya a tsakiyar gonar. Kaji suka rufa a kai, tsaki suka riƙa fitowa tsulum-tsulum kamar tafasar ruwa, har talabijin ɗin Mai Aski ya yi wani ɗan ƙara ya ɗauke.

Da talabijin ɗin ya dawo, aka haska rumbun Layin Gaba, babu komai. Aka haska na Layin Baya, babu komai. Gwaggo Tela, wadda tun saukarta ba ta yi murmushi ba, ta zauna a kan jakarta ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Kawu ya buga ƙirji. "Kunnen doki! Ku faɗi gaskiya, da Gwaggo ce ke riƙe da makulli, da kun taɓa yin kunnen doki da waɗannan?"

Mai Aski ya dubi Direba. Direba ya dubi Mai Wanki. Tun da aka kafa layukan nan biyu ba su taɓa yarda da abu ɗaya ba sai ranar. Direba ya ɗauko sabon shebur ɗin nan ya miƙa wa Kawu da hannu biyu, Gwaggo kuma ta zare wayar daga hammatarsa ta mai da makullinta.

Washegari da hantsi Kawu yana cikin kwata har gwiwa, ya naɗe wando, mutanen layi biyu suna zaune a baki suna ba shi shawara. Yana kwasa yana yi musu bayani cewa wannan baƙar laka ita ce ainihin takin da yake nema tun farko, da za a samu hanyar zuba ta cikin waya da an ga noma. Matarsa ta kawo masa ruwan sha ta tsaya daga nesa, ta toshe hanci.

Sai ga wata kazar maƙwabta, ta gaske mai jini da tsoka, ta taho ta tsaya a bakin kwatar ta karkata kai tana kallonsa. Kawu ya saki shebur. Ya zazzage aljihun dama, ya zazzage na hagu, ya buɗe mata tafukan hannunsa biyu.

"Wallahi babu ko ƙwaya. Ki tambayi Gwaggo."

Kazar ta juya masa baya, ta tsuguna kaɗan, ta ajiye masa abin da ya yi kwanaki yana jira a kan takalminsa da ya cire ya ajiye a gefe, ta yi tafiyarta.

"Maigida," in ji matarsa, "ga takinka ya iso."

Kawu ya daɗe yana kallon takalmin. "Na sani," ya ce.

Ƙurunƙus, yau kan ɗan tsako ta faɗa, ɓera ya huta.